Bindigar da Muka Nemo wa Istifanus

Ana tsuga ruwa jirgin ƙasa ya sauke ni a Kafanchan, daga ni sai keken ɗinkina na hannu da ƙullin kaya. Ni mutumin Gumel ne, inda hadari kan haɗu a yi ta roƙo kafin ya zubo, sai ga ni a garin da ruwa ke sauka ba sallama, ya wuni kuma ya kwana. 'Yan shekaru ke nan bayan rikicin 1987, kuma duk wanda na gaya wa inda za ni sai ya dube ni ya ce, “Can?” Ni kuwa abin da na ji shi ne ma'aikatan jirgi suna da albashi, kuma na san wandon mai albashi yana yagewa kamar na kowa.

Ban bar tasha ba aka damfare ni. Wani mutum mai fara'a ya ji Hausata, ya ce ai kakarsa ma 'yar wajenmu ce, ya karɓi kafin alƙalamin ɗakin haya ya kwatanta mini layin. Na je na sami ɗakin, ƙofa tana nan yadda ya faɗa, sai dai babu rufi. Layin gaba ɗaya ƙonanne ne tun wancan rikicin, har gwanda ta fito a tsakiyar ɗakin nawa ta fi ni tsawo. Na koma na raɓe a barandar wani gida na rungume keke, ina tunanin fuskar da zan koma gida da ita.

Mai gidan ce ta leƙo, wata dattijuwa gajera mai kaurin murya. Ta ce, “Kai, wane ne ya ajiye ka a nan? Ruwa zai kashe mashin ɗin ka.” Ita ce Mama Rifkatu. Mijinta ma'aikacin layin dogo ne, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, tana sayar da kunu da ƙosai a bakin kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Ta ba ni ɗakin da take ajiye citta, na yi wata guda ina atishawa. Ta ware mini tukunya da kwano nawa ni kaɗai saboda ranar da sukan dafa abin da ba na ci, kuma da azumi ya zo ita ke buga mini ƙofa don sahur, tana mita wai musulmi ya fi ta barci.

Kewar gida ta dame ni a farkon nan. Duwatsu ko'ina, ido ba ya tafiya da nisa, ga sanyi, ga faten acca safe da yamma. Nakan zauna in yi ta marmarin fura mai kyau har in ji haushin kowa. Wanda ke fitar da ni daga wannan hali shi ne Istifanus, ɗan Mama. Dogo ne, yana dakon katako a wani shagon 'yan katako, ranar Lahadi kuma shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan coci. Sauran telolin yawo a kafaɗa suke saɓa keke, ni kuwa a ka nake ɗaukar nawa da gammo, yadda na saba. Kullum zan fita sai ya ce, “Malam Habu, yau me kake talla, gyaɗa ko goro?”

Telan yawo yana shiga ko'ina. Ina kaɗa almakashi a unguwar Hausawa da safe, da rana ina gidajen malaman makaranta, da yamma ina layin Inyamurai masu kayan mota. A nan na fara ganin abin da bai kwanta mini ba. Wani alhaji mai shagon hatsi ya sa na ɗinka masa jaka doguwa siririya mai igiya a baki, ya ce ta lema ce. Ba a jima ba wani malamin firamare mai zuwa coci ɗaya da Mama ya ba ni awo iri ɗaya, ya ce ta sandar kamun kifi ce. Kafin damina ta fita na ɗinka irinta har na daina awo. Wanda ya saki jiki da ni kuwa magana ɗaya yake yi, ko wane ne shi: ta bindiga ce, amma ba don komai ba, ya ji su can sun tanada. In na ce ai akwai hukuma, sai a nuna mini wani a kasuwa a ce, ga wanda ya cinna wa gidan wane wuta wancan karon, ga shi nan yana cinikin tumatir, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Jiragen ma sun fara raguwa, samarin da ke cin abinci a tasha suka koma zaman benci daga safe har yamma. Kowa ya san akwai masu hali da ke saya musu shayi da taba, kuma ba don Allah ba. Na yi wa Istifanus zancen jakunkunan, ya yi dariya ya ce, “Mutanen mu suna cewa don biri ne, biri yana cin masara. Malam Habu, ka taɓa ganin biri a cikin Kafanchan?” Shi dai ko wuƙar kirki ba shi da ita, in za a yanka kaza ni ake kira.

Ranar da abin ya fashe, ranar kasuwa ce bayan azahar. Gardama ce kan layin lodi a tashar mota, irin wadda a da sanda biyu da zagi ke raba ta. Wannan karon wani ya zaro abin da ke cikin doguwar jaka. Ina bakin wani gida ina cin kalmasar siket na ji ƙarar, sai wata ta amsa mata daga wani gefen, sai kuma ta ko'ina. Kafin labari ya kai ƙarshen gari ya tashi daga rigimar lodi ya zama ta addini. Na bar siket a keke na ruga gida. Mama ta tura ni ɗakin citta ta jingina buhuna a ƙofar, Istifanus ya zauna a kan turmi a tsakar gida, wai in an zo a tarar da shi. Ba a zo ba, amma an rasa rayuka a gari, har da wani mai shayi da nake saya a wurinsa.

Masu kaki suka iso bayan komai ya lafa, aka sa dokar hana fita. Washegari da hantsi suka zagaye unguwarmu, suka ce duk namiji ya fito ya zauna a titi ya tuɓe riga. Wani yana bin layi yana duba kafaɗar dama, wai mai harbi gindin bindiga kan bar masa tabo a nan. Ya zo kaina ya latsa kafaɗata ya ga sumul, ya wuce. Da a kafaɗa nake saɓa keke da tuni ina cikin motar waɗanda aka kama. Istifanus kuwa shekara nawa yana dakon katako, kafaɗarsa ta yi kanta baƙi ƙirin. Ya ce, “Oga, timba ne, ka tambayi kowa.” Aka ce ya yi bayani a can, aka tura shi motar. A motar na ga masu dako, da 'yan garuwa, da wani mai rake. Waɗanda na ɗinka wa jaka ban ga ko ɗaya ba.

Wani tsohon sito aka mayar wurin tsare su a bayan gari. Kullum da safe ni ke ɗaukar wa Mama kular abinci mu je mu bi layi a bakin ƙofa. Iyaye mata ne zalla, masu ɗankwalin zumuntar mata da masu mayafi, kowa da kula a hannu, ba mai kallon wata da rigima. A nan Mama ta saba da Inna Hajara, wata mai wankau daga unguwar Hausawa, wadda aka kama ɗanta ɗan garuwa. Ba a barin kowa ya ga nasa. A karɓi kula, a dawo da ita wayam, shi ne kaɗai shaidar cewa yaro yana da rai.

Ana haka aka fara yawo da lasifika a mota, ana cewa duk mai makami ya miƙa, hukuma makamai take nema. Sai ga wani mutum ya fara zuwa bakin siton, mai tsabta, da lema ko ba ruwa, yana gaisawa da masu gadi da suna. Mai Lema muke ce masa. Ya ja Mama gefe, ni ina tsaye da kula. Ya ce, “Mama, kin ji sanarwa. Manya sun ce sai sun ga bindigogi. Yaron nan an rubuta yana da ita. In ba a kawo ba, cewa za su yi ya ɓoye, ya yi taurin kai. In aka kawo, magana ta ƙare, ki tafi da ɗanki.”

Mama ta ce, “Yaro na ba shi da bindiga.”

Ya ce, “To ai shi ya sa za a nemo masa.” Ya ambaci wani maƙeri a wani ƙauye bayan Zonkwa, ya ce mu ce shi ya turo mu.

A hanyar gida na ce, “Mama, ni fa abin nan bai yi mini ba. Yaya za a wanke mutum da abin da ake tuhumarsa da shi?” Ta ce matar wane ta kai, matar wane ma ta kai, an ce musu su saurara. Ta ce, “Kula ɗin jiya ya dawo da rabin abinci, Habu. Istifanus bai taɓa rage abinci ba tun da na haife shi.” Ta yi wa Inna Hajara tayin su je tare, Inna ta ce ita ko abin da za ta zuba a kula da ƙyar take samu, ta bar wa Allah. Mama ta kai akuyarta da keken hawan marigayi kasuwa. Ni kuma na ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, na ɗauki kekena, don tela da keke ba a tambayarsa ina za shi.

Motar Zonkwa shiru kamar ana zaman makoki. A hanya muna wuce gonakin citta kore shar, ba kowa a ciki. A Zonkwa muka hau babur biyu zuwa ƙauyen, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin ciyawa. Maƙerar tana bayan wani dutse. Na zaci zan ga ɓoyayyen wuri, sai na tarar da layi. Mata ne a zaune a kan gungume, wasu na san fuskarsu daga bakin sito, kowa ta sunkuyar da kai kamar a asibiti. A gefe ga garemani da lauje sun yi tsatsa an tura su lungu, ga tarin bututun ƙarfe da sandunan sitiyarin matattun motoci.

Maƙerin tsoho ne mai jan ido, bai yi kama da mugu ba. Ya ce da mu shi fartanya ya gada, bindigar toka sai jefi-jefi in maharbi ya kawo gyara. Ya ce, “Tun da aka fara sanarwan nan ban huta ba. Na kira yaran ƙanena su uku, na koya musu. Yanzu sun fi ni sauri.” Na kalli samarin, suna ta goge ƙarfe suna hira da dariya. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, sanarwa za ta ƙare wata rana, amma hannun nan uku sun riga sun iya. Ya tambayi Mama, “Na miƙawa ne ko na aiki?” Ta ce na miƙawa. Ya ɗauko wata gajera ya shafa mata toka da baƙin mai, ya ƙona ɗan albarushi a bakinta don ta yi warin an taɓa harbawa. Ya ce in ta yi sabuwa da yawa ba sa yarda.

Mun sayi ƙaramar katifar auduga a ƙauyen. Na farke gefe ɗaya na cusa bindigar a tsakiya, na mayar da ɗinki yadda ko mai katifar ba zai gane ba, muka naɗe ta muka ɗaure da igiya. Mama ta ɗora hannu a kai ta yi addu'a cikin sunan Yesu, ni ma na karanta abin da na sani.

Ana saura kaɗan mu shiga Kafanchan muka tarar da shinge. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani mai kaki, yaro ne ma, ya hango kekena ya ce, “Tela, zo nan. Aljihu na ya yage.” Ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini, ya waiga yana neman wurin zama, ya zauna daram a kan katifarmu. Na durƙusa a bakin titi ina juya keke, zare ya tsinke mini sau biyu, abin da bai taɓa faruwa da ni ba a gaban mai kaya. Shi kuwa hira yake so. Ya ce daga nesa aka kawo su, matarsa ta haihu bai ga jaririn ba, bai san ma me mutanen garin nan suke faɗa a kai ba. Ya ɗan motsa ya ce, “Mama, katifan nan yana da tauri.” Mama ta ce, “Na tsohuwa ne, ɗana. Baya na ba ya son laushi.” Ya yi dariya, ya karɓi rigarsa ya yaba ɗinkin, har ya taya mu ɗora katifar a mota.

Washegari muka kai bindigar. An kafa tebur a gindin mangwaro a harabar siton, an shimfiɗa bindigogi a ƙasa jere. Da yawansu na ga irin shafin tokar nan a jikinsu. Mai Lema yana tsaye daga nesa, ya ɗaga wa Mama kai. Jami'in da ke teburin ya juya bindigar, ya sansana bakinta, ya ce, “Ta wa ce?”

Mama ta ce, “Na Istifanus ne.”

“Ke ce uwarsa?”

“Ni ne.”

“A ina yake ajiye ta?”

Ta faɗi abin da Mai Lema ya koya mata, ta ce a ƙarƙashin gado. Ya rubuta sunan Istifanus a 'yar takarda ya ɗaura a jikin bindigar, ya kama babban yatsan Mama ya dangwala a wata takardar. Ya ce ta je, za ta ji. Ya faɗi maganar bai ko dube ta ba. Mama kuwa ta fito da sauƙin zuciya, har ta tsaya ta sayi kifi busasshe, wai Istifanus yana son sa a miya.

Daga ranar ba mu sake ganin Mai Lema ba. Aka zo da masu ɗaukar hoto suka ɗauki bindigogin, da yamma rediyo ya ce an ƙwato makamai masu yawa daga hannun ɓata-gari, zaman lafiya ya dawo. Ina jin haka ina tuna cewa rabinsu ba a ma ƙera su ba sai bayan an gama rikicin. Waɗanda aka yi harbin da su suna nan a jakunkunan da na ɗinka, a bayan sif da cikin rufin ɗaki. A gari kuwa samarin benci sun koma bencinsu, sai dai yanzu in baƙo ya wuce sukan yi shiru har ya ɓace.

Wata safiya muna layi da kula aka buɗe ƙofar gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Wani jami'i ya fito ya ce an gama bincike, waɗanda ba a sami komai a kansu ba za su tafi gida. Suka fara fitowa, an aske musu kai, sun rame, wasu suna ɗingishi. Ɗan Inna Hajara yana cikin na farko. Ta riƙe shi tana shafa fuskarsa, ta juyo ta ce, “Maman Istifanus, naki ma yana tafe, in sha Allahu.” Mama tana ɗage tana leƙen kan mutane. Aka gama fitowa, Istifanus bai fito ba. Na duba matan da suka rage a tsaye, duk waɗanda na gani ne a kan gungumen maƙera.

Sai wata babbar mota mai ragar ƙarfe ta yi baya ta tsaya a bakin siton. Jami'in ya ce sauran an sami makamansu, kuma iyayensu da kansu sun ba da shaida, za a kai su Kaduna gaban shari'a. Aka fito da su biyu-biyu a ɗaure, wani na biye da su rungume da bindigogin, takardun suna lilo a jiki. Wata mata ta zube a ƙasa. Mama ba ta faɗi ba, ta dai miƙo mini kular, ta taka har jikin motar, ba wanda ya hana ta.

Istifanus ya matso ya sa yatsunsa a ragar. Idonsa ɗaya a kumbure yake, babbar muryar nan tasa ta dushe. Ya gaishe ta, ya gaishe ni, har ya ce, “Malam Habu, kana kula da ita ko?” Na ce ina yi. Sai ya rage murya ya ce, “Mama, wani ya yi mini sharri. Da farko sun ce za su sake ni, daga baya sun ce an kawo bindiga na daga gida. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, kin sani. Ki je wurin fasto, ki je wurin mai unguwa, a binciko mini ko wane ne. Mutumin yana kusa da mu, Mama, ya san har gado na.”

Direba ya tayar da mota. Istifanus ya ce, “Kin ji, Mama?”

Ta ce, “Na ji. Zan bincika.”

Motar ta fita ta hau titin Kaduna. Muka tsaya har aka rufe ƙofa, sannan muka kama hanyar gida da ƙafa, tana gaba ina binta da kular abincin da ba a buɗe ba.